Yashi a Idon Maharazu

Shafi na 19

Da sunan Allah nake farawa. Masu cika mini waya da "ina shafin yau, ina shafin yau", duk na gan ku. Ke kuma da kika ce in na bari Maharazu ya wuce Agadas kin daina gaishe ni, ajiye gaisuwarki tukuna, ki gyara zama.

*

Hindatu na tsaye gaban madubi tana gyara hijabi, za ta tafi islamiyyar Baffa Malam inda take koyarwa, sai wayarta ta ɗauki ƙara. Ganin sunan da ya fito sai da ta sake dubawa. Yaya Maharazu ba ya kira da safe. Kai, ba ya ma kira sam, tun ranar da suka yi sa-in-sa da Baffa a kan ya ƙi zama ya gaji allon marigayi mahaifinsu, ya saɓi jakarsa ya tsallaka Kwanni ta Nijar ya kafa teburin gyaran waya. Kwanni da garinsu Illela fa, in ka hau kabu-kabu kafin ka gama gyara zama kun iso. Amma damina biyu ke nan bai taka ƙofar gidan ba.

Abin da ya rage tsakaninsa da ƙanwarsa shi ne gem ɗin dodanni da ya saka mata a waya tun tana sakandare. Shi zai turo gayyata daga can, ita ta amsa daga nan, su haɗa dodanninsu faɗa. Gaisuwarsu ke nan, hirarsu ke nan, sai ɗan saƙon da suke rubuta wa juna a cikinsa jefi-jefi.

"Yaya, ina kwana?"

"Lahiya lau. Hindu, tambaya gare ni, kuma gaskiya nika so. Mi na yi miki?"

"Ni? Mi kag gani?"

"Ran Alhamis da Juma'a in munka haɗu, wasa kike yi na masu hankali, har kada ni kike. Amma sauran ranakku in na turo da hantsi, ba ki da aiki sai watsa yashi. Yashi, yashi, yashi! Wanga wane irin wasa na?"

Bari in ɗan fayyace wa waɗanda ba su taɓa riƙe gem ɗin ba. Kowane dodo dabaru huɗu gare shi, kowace da maɓallinta. Na Hindatu wani ɗan guntu ne mai kama da bushiya, dabarunsa uku na duka ne, ta huɗun kuwa, mai maɓalli ruwan ƙasa, ita ce watsa yashi. Tona ƙasa yake yi ya watsa wa abokin karawarsa a ido. Ba ta ji wa kowa ciwo, ido kawai take rufewa, sai wancan ya riƙa kai duka yana kuskure. Gwanaye sau ɗaya suke danna ta, sannan su shiga duka.

"Abin nan in ya kai iyakarshi ba ya ƙara komi," in ji Maharazu. "Gem ɗin da kanshi shina rubuta miki ya isa, amma kina ta dannawa. Faɗan da za a gama kafin shayi shi huce sai mu kai rana tsaka, ni ban same ki ba, ke ba ki taɓa ni ba. Raini na ko mi?"

Hindatu ta bar hijabin ya zame mata a kafaɗa.

"Yaya, da hantsi kac ce?"

"Da hantsi mana."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen azumi."

Alhamis da Juma'a ne kaɗai babu islamiyya. Sauran ranakun da hantsi tana gaban yara tana biya musu karatu, kuma Baffa ya hana malamai shiga makarantarsa da waya. A ɗakin Inna take barin tata, jikin batirin sola. Gidan kuwa in ta fita babu kowa sai Inna da kajinta.

Inna? Inna da ko amsa kira sai an danna mata?

"Kin yi shiru," ya ce. "To bar shi, ba shi ne dalilin kirana ba. Hindu, yau zan tashi. Mota na lodi, da an sallame azahar sai Agadas, daga nan mu wuce Jado wurin zinari."

"Inna lillahi! Yaya, ba ka ce sai bayan sallah ba?"

"An samu wuri, na shiga."

"Wurin da mutane ka tahiya a daina jin duriyarsu? Yaya, don darajar iyaye! In Baffa ne, ni zan je in durƙusa mishi."

Ya yi wata dariya wadda ba ta dariya ba.

"Baffa? Ni faɗan Baffa bai taɓa hana ni barci ba. Wanda ya yi maka faɗa ai ya san da zamanka."

"To Inna fa? Ka tuna da Inna."

"Ita ta tuna da ni?"

"Wallahi tana kewarka."

"Ke kike faɗi, ba ita ba. Kullum ke kike faɗi." Muryarsa ta sauka. "Hindu, na san al'ada. Ni ɗan fari na, ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, ban ce ta yi laihi ba. Amma ran da na ɗauki jakata tana zaune tana tankaɗe. Na tsaya kanta na ce Inna zan tahi. Ko kai ba ta ɗaga ba. Al'ada ta hana kiran suna, ba ta hana a ce ma mutum kada ka tahi ba. Wallahi da ta ce mini ko da 'kai' ne, da ban tsallaka ba."

Hawaye suka cika wa Hindatu ido.

"Anjima zan turo gayyata," ya ce. "Ta ƙarshe. In Baffa zai bar ki, ki yi mini wasa na gaskiya sau ɗaya, mu rabu da daɗi."

Ya kashe.

Ta daɗe tsaye da wayar a hannu. Sai ta share fuska, ta shiga ɗakin Inna ta jona ta a caji kamar kullum, ta fito tsakar gida.

"Inna, na tahi."

"A dawo lahiya," in ji Inna, tana duƙe tana wanke ƙwaryar fura.

Hindatu ta fita ta zaure, ta ja ƙofa da ƙarfi yadda za a ji. Maimakon ta miƙe hanyar makaranta sai ta zaga ta bayan gida, ta bi ta garken awaki, ta laɓe jikin tagar ɗakin Inna. Wata akuya mai baƙin kunne sai tauna mata gefen hijabi take yi, ita ko ta kanta ba ta bi ba.

Ba a jima ba ta ji tafiyar Inna.

Inna Hawwa Bafulatanar Tozai ce, doguwa siririya, irin matan nan da ko dariya za su yi sai sun kare baki da gefen mayafi. Ta shigo tana goge hannu a zani, ta leƙa tsakar gida, ta saki labule. Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki wayar da hannu biyu ta ɗora a cinya. Ba ta taɓa komai ba. Jira take yi.

Jama'a, gayyata ba ta ma zo ba tukuna, baiwar Allah ta zauna jiranta.

Can wayar ta yi 'yar ƙara. Inna ta zabura, fuskarta ta washe yadda Hindatu ba ta taɓa gani ba. Ta miƙa ɗan yatsa a hankali kamar mai taɓa murfin tukunya a kan wuta, ta danna. Dodanni biyu suka fito. Ta danna maɓallin ruwan ƙasa, bushiyar ta tona ta watsa. Dodon Maharazu, wani jibgege mai fukafukai, ya kawo duka ya wuce ta gefe.

"Sannu," Inna ta ce ƙasa-ƙasa. "Sannu. Ka karya kumallo kuwa?"

Ta sake dannawa.

"Jiya an yi ruwa nan. Ko can an yi? Rumfar taka ba ta zuba?"

Hindatu ta toshe baki da hijabi. Ba ta san lokacin da ta bar taga ta zago ta yaye labulen ba.

"Inna."

Wayar ta kusa suɓucewa. Inna ta yi maza ta kifa ta a kan gado, ta kawar da kai.

"Ke! Mi yad dawo da ke?"

"Inna, mi kike yi?"

"Ƙura na gani bisanta, shi ne nake gogewa."

"Ƙura kike tambaya ko ta karya kumallo?"

Kunya ta rufe Inna har wuyanta ya yi duhu. Wayar ta yi ƙit-ƙit, alamar lokaci na tafiya, in ba a danna ba wasa ya mutu. Hindatu na kallo hannun Inna ya yi motsi zai kai, ta janye shi, ya sake motsi.

"Danna, Inna," ta ce da kuka a muryarta. "Danna kada shi ƙare."

Inna ta juya wayar ta danna ruwan ƙasa, ba ta dubi 'yarta ba. Hindatu ta durƙusa a gabanta.

"Wa ya koya miki?"

"Ido gare ni. Kina yi ina tsinke, ina gani."

"To don mi kullum wanga guda? Ga na duka nan har uku."

"Ke kinka gaya mini."

"Ni?"

"Ran nan na tambaye ki, wanga na ƙasa mi shika yi? Kinka ce ba shi da ciwo, ido ɗai shika rufewa." Ta nuna wani jan maɓalli. "Sau ɗaya na yi kuskure na danna jan nan. Dabbarshi ta faɗi, hoton ya ɗauke, shi ke nan ya tahi. Wuni na yi ban ci abinci ba. Ni da hannuna in buge abin yaron nan?"

"Inna, wasa ne fa."

"Na sani, ai ba ni da hauka. Amma in na danna wanga, sai shi daɗe. Shi kawo duka shi kuskure, shi sake kawowa. Muddin abin nan na motsi, na san shina can zaune, da ranshi, da lahiyarshi, yatsanshi na bisa waya, nawa na bisa waya. Shi ke nan abin da nika so. Ban roƙi wanda ya fi shi ba."

Ni kam mai ba ku labari, nan na ajiye waya na nemi abin share ido.

Hindatu ta kifa kanta a gwiwar mahaifiyarta.

"Shi kuwa can cewa yake ba ki damu da shi ba. Ya ce ran da zai tahi ko kai ba ki ɗaga ba."

"In ɗaga kai shi ga mi? Shi ga uwa na kuka don ɗan fari, Baffanku na tsaye?" Inna ta girgiza kai. "Ke ba ki nan ranan. Garin ya ƙare cikin rariya ban sani ba, ina ta girgiza rariya babu komi, har maƙwabciya ta shigo ta amshe ta hannuna."

Ƙit-ƙit. Ta danna.

"Da anka yaye shi, Tozai anka kai shi wurin kakarshi. In na je ganin gida, sai in ɗauki tulu in bi ta doguwar hanya zuwa rijiya, don ta nan suka wasa cikin rairayi. In wuce ina kallonshi da gefen ido. Shi rugo shi kama mini zani, in ɓamɓare hannunshi in ce je ka wurin Goggo. Haka anka yi mini tarbiyya, Hindu. Haka na ga uwata ta yi."

"To Inna, yau zai tahi."

"Ina?"

"Jado, wurin haƙar zinari. Da an sallame azahar motarsu ta tashi. Wanga wasa da kike yi shi ne na bankwana."

Inna ta ɗago kai a karo na farko. Idonta ya tsaya cak a kan 'yarta, yatsanta na rataye a iska. Kuma kun san yashi ba ya hana duka har abada, mai kuskure goma wata rana zai samu. Jibgegen dodon ya kawo wani duka, wannan karon ya sauka. Bushiyar ta wuntsila, ta kwanta. Ɗan koren haske da ke gefen hoton Maharazu ya ɗan tsaya, sannan ya mutu.

Inna ta shafa fuskar wayar da tafin hannu. Ta sake shafawa.

"Dawo da shi," ta ce.

"Ba ya dawowa, Inna. Ya sauka."

"To ki kira shi ki ce kada shi tahi."

"Na faɗa. Ya ce ni ke faɗi, ba ke ba. Ko na rantse mishi ke ce mai watsa yashin nan, cewa zai yi dabarata ce. Muryarki yake so, Inna. Ya ce ko 'kai' kika ce mishi ya ishe shi."

"Ba ni iyawa."

"Inna!"

"Na ce ba ni iyawa! So kike a yi da ni cikin Illela da Tozai, a ce Hawwa ta zubar da fulako da furfura bisa kanta? Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi."

"Shi Kawun yana ina yanzu?"

Tambayar ta fita kafin Hindatu ta auna ta. Kowa a dangi ya san yayan Inna ya tafi Ikko cirani tun Inna na budurwa, bai sake waiwayo gida ba, har tsohuwar ta rasu tana kwana da fuskarta wajen ƙofa.

Inna ta miƙe. Ta fita tsakar gida.

Hindatu ta gwada kiran Yaya, bai ɗauka ba. Ta sake, bai ɗauka ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon Inna. Baiwar Allah ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta watsa wa kaji tsaba alhali sun ƙoshi. Ta kwance igiyar shanya ta sake ɗaurawa. Inuwar katanga na ta janyewa tana komawa gindin bango, zuciyar Hindatu na janyewa tare da ita. So take ta yi ihu, amma uwa uwa ce.

Sai ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Inna. Ta tsaya har ya kai ƙarshe, leɓɓanta na amsawa. Sannan ta juyo.

"Kira mini yayanki."

Hindatu ta danna, ta saka a sifika, ta miƙa mata. Ƙara ɗaya, biyu, aka ɗauka. Inna ta rufe ido.

"Kai ne?" ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Kai... kada ka tahi."

"Alo? Wa ka magana?"

Murya ce ta dattijo, mai kauri, ba ta Maharazu ba. Inna ta buɗe ido ta dubi Hindatu.

"Baba, don Allah ina mai wayar?" Hindatu ta yi maza ta tambaya.

"A'a, ɗiyata, ni Alhaji Attahiru na, mai saida salula nan bakin tashar Kwanni. Yaron ya saida mini ita ɗazu. Ya ce inda za shi babu rezo, waya ba ta kamawa, har layin ya bar mini ciki. Ina ganin kira na shigowa, ina cikin ciniki ban ɗauka ba."

Inna ta zauna a kan turmi.

"Motar ta tashi?" in ji Hindatu.

"Wace? Ta Agadas? Kamiyo biyu na, manyan motocin kaya. Guda ta tahi tun ɗazu, guda ga ta can an gama ɗaurin kaya, mutane na fitowa masallaci suna hawa, nan tasha da wuri aka yin salla."

"Shi wace ya shiga?"

"Wallahi ban lura ba."

Inna ta jawo wayar kusa da bakinta.

"Bawan Allah."

"Na'am, Hajiya."

"Ni ce uwarshi. Ban san ka ba, ba ka san ni ba. Don Allah, don Annabi, ka kai mini wagga waya wurin motar nan."

Sai suka ji ƙarar kujera, da muryar Alhaji yana ce wa maƙwabcinsa ya duba masa tebur.

"Hajiya, ni da tumbina rabona da gudu tun ina saurayi, amma uwa ta roƙa. Riƙe layi."

Suka ji takalmansa fat-fat-fat, da hayaniyar tasha, masu tallar ruwa, hon ɗin kabu-kabu, wani na zagin wanda ya bangaje shi. A daidai nan aka yi sallama a zaure. Baffa Malam ne, yayan mahaifinsu, ya taso daga makaranta da carbinsa a hannu, ya biyo ya ji dalilin da ya sa malamarsa ta bar yara babu karatu. Mutumin da Inna ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba tun ranar da aka kawo ta gidan amarya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ke Hindatu, wane irin sakarci..."

"Hajiya!" Muryar Alhaji ta katse shi, yana haki kamar zai faɗi. "Na iso. An tada inji. Samari sun fi a ƙirga bisa kaya, kowa ya naɗe fuska da rawani, ban gane shi. Mi ne sunanshi in ƙwala kira?"

Hindatu ta buɗe baki za ta faɗa. Inna ta ɗora mata tafin hannu a kan leɓe.

"In kai ka kira, ba shi saukowa," ta ce. "Ɗaga wayar sama. Ƙara mata murya iyakarta."

"Na ɗaga."

Inna ta dubi Baffa. Baffa ya dubi Inna, carbin ya tsaya a hannunsa. Ta sunkuyar da kai, leɓɓanta suka motsa, abin da ya fito ko Hindatu da ke gefenta da ƙyar ta ji.

"Hajiya, ba a ji! Inji na ruri! Mota ta fara motsi!"

Inna ta miƙe tsaye. Mayafin ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta bi ta kansa ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu, hawaye na bin kumatunta, a gaban Baffa, a gaban 'yarta, a kunnen duk maƙwabtan da ke bayan katanga.

"MAHARAZU!"

Kaji suka watse. Sunan ya fito mata wani iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Maharazu, ni ce Inna! Ni ce mai watsa maka yashi! Ka sauko, ɗana, ka dawo gida!"

Babu abin da ya amsa sai rurin inji da takun Alhaji yana bin motar. Hindatu ta ƙanƙame hannun Inna. Baffa ya matso taku ɗaya, bakinsa na motsi da addu'a.

"Alhaji?" in ji Hindatu. "Alhaji, mi ka gani?"

"Tsaya... tsaya..." Numfashinsa na sarƙewa. "Wani ya miƙe tsaye bisa buhunna, can baya. Ya kwance rawani. Shina waige-waige, bai san inda muryar ta hito ba."

"Shi ne?"

"Ban sani ba, ɗiyata! Direba bai tsaya ba, sun kusa fita ƙofar tasha, ni kuma ƙafata ta ƙare. Hajiya, ki ƙara kira! Da ƙarfi!"

Inna ta ja numfashi, ta buɗe baki za ta sake kira.